Yadda Ake Bin Sawun Aikin Tsohon Ɗan Wasan Fim a Nijar

Duk wanda ya taɓa neman cikakken tarihin ɗaya daga cikin tsofaffin ƴan wasan fim na ƙasar nan ya san cewa sunan mai shirya fim ne yake tsayawa a rubuce, shi kuwa wanda ya tsaya gaban kamara ya yi kuka ko ya ba jama'a dariya, sai a riƙe fuskarsa a manta sunansa. Littattafan da aka rubuta a kan silimar Afirka ba sa rasa sunan Oumarou Ganda da Moustapha Alassane da Bafaranshe Jean Rouch, amma mutanen da fuskokinsu suka cika finafinan nan na tsawon shekara ashirin ko hamsin, sau da yawa a cikin baka biyu ake ambaton su, bayan sunan fim. Wannan rubutu jagora ne ga ɗalibi ko ɗan jarida ko jikan wani ɗan wasa, mazaunin Yamai ko Tawa, wanda yake son ya tattara aikin mutum ɗaya tun daga fitowarsa ta farko har zuwa ta ƙarshe, ya jera shi yadda na baya za su iya dogara da shi. Zan riƙa kawo misali da mutum biyu da suka daɗe a cikin sana'ar: Damouré Zika, wanda ya rasu a Yamai a watan Afrilu na 2009, da Zalika Souley, wadda aka haifa a 1947 ta rasu a watan Yuli na 2021.

Littafin rubutu da batun suna

Kafin ka kalli ko da minti ɗaya na fim, ka sayi babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ka ware wa kowane fim shafi guda. A saman shafin ka sa sunan fim kamar yadda yake fitowa a jikin fim ɗin, sannan sunan mai shiryawa, da harshen da ake magana da shi, da tsawon mintocinsa, da sunan da ɗan wasanka ya fito da shi. Ka ɗora wa kanka ƙa'ida ɗaya wadda ba za ka karya ba: abin da ka gani da idonka ka rubuta shi da alƙalami, abin da ka karanta ko aka gaya maka ka rubuta shi da fensir, tare da inda ka samo shi. Bayan wata shida, lokacin da shafuka suka cika kuma ka manta wa ya faɗa maka me, wannan bambanci ne zai cece ka.

Sai batun suna, wanda yake ɓatar da masu bincike da yawa tun a bakin ƙofa. An rubuta sunayen mutanenmu da ƙa'idar rubutun Faransanci, saboda haka in kana nema a intanet ko a tsohuwar jarida, Souley za ka rubuta, ba Sule ba, sannan ka sake gwadawa da Suley, kamar yadda za ka gwada Moustapha da Mustapha. Akwai kuma tarko iri biyu da ya kamata ka sani. Na farko shi ne sunan aro: a fim ɗin Moi, un noir na 1958, wanda Rouch ya ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan, Oumarou Ganda ya fito ne da laƙabin Edward G. Robinson, wato sunan wani ɗan wasan Amurka, kuma wanda bai san haka ba zai wuce fitowar Ganda ta farko bai gane ta ba. Na biyu shi ne sunan haɗaka: Dalarou, ko Dalarouta, ba mutum ɗaya ba ne, farkon sunayen Damouré da Lam Ibrahim Dia da Rouch ne aka harhaɗa, daga baya aka ƙara na Tallou Mouzourane. Duk inda ka ga wannan suna, ka san cewa ɗan wasanka yana cikin waɗanda suka ƙago labarin, ba fitowa kawai ya yi ba.

Fim ɗaya, shekara uku

Nan ne aikin ya fi buƙatar haƙuri, kuma nan ne jerin finafinai da ake samu a intanet ya fi yaudarar mutum. Kowane tsohon fim yana da shekara uku: wadda aka ɗauke shi, da wadda aka gama haɗa shi, da wadda aka fara nuna shi ga jama'a. Ga mai rubuta tarihin mai shirya fim, ta ukun ta wadatar. Ga mai bin sawun ɗan wasa kuwa, ta farkon ce ta fi komai, domin a cikinta ne mutumin ya tsaya gaban kamara da shekarunsa da jikinsa da muryarsa na wannan lokaci.

Ka duba Jaguar, fim ɗin Rouch. Ko'ina za ka ga an rubuta masa 1967, alhali kuwa a 1954 aka fara ɗaukar sa, lokacin da Damouré da Lam da Illo Gaoudel suka kama hanya daga Nijar zuwa ƙasar da yau ake kira Gana, suka bi ta Kumasi da Akra. An ɗauki hoton ba tare da sauti ba, sai daga baya aka zaunar da Damouré da Lam suka kalli kansu suna ta hira da barkwanci a kan abin da suke gani, aka ɗora wannan hira a kan hoton. Ashe ke nan fuskar ta shekara ɗaya ce, muryar ta wata shekara ce, fitowar fim ɗin kuma ta wata daban. Wanda ya jera aikin Damouré bisa shekarar fitowa zai ajiye Jaguar dab da Petit à petit, wanda aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1960, sai ya yi zaton mutumin ya manyanta cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, alhali kusan shekara goma sha biyar ce tsakanin ɗaukar biyun. Haka kuma zai kasa ganin abin da ya fi ban sha'awa, wato yadda saurayin da yake taƙama a titunan Akra ya zama magidanci mai kamfani wanda ya je Paris yana auna kawunan Turawa yana duba haƙoransu, kamar yadda masu binciken Turai suka saba yi wa mutanenmu.

Ko a finafinan da ba su daɗe a ajiye haka ba, za ka tarar da saɓani. Cabascabo na Ganda, wasu sun rubuta masa 1968, wasu 1969, shekarar da aka nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Le Wazzou polygame wasu sun ce 1970, wasu 1971, wasu kuma sun ɗauki 1972 saboda a shekarar ne ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, shi ne kuma fim na farko da aka ba wa wannan kyauta ta Étalon de Yennenga. Kada ka zaɓi ɗaya ka jefar da sauran. Ka rubuta duka da fensir, ka sa kowace a gurbinta.

In takardu sun gaza, hoton da kansa yakan ba da shaida. Gadar Kennedy ta Yamai a ƙarshen 1970 aka buɗe ta, saboda haka duk fim ɗin da motoci suke ƙetare kogi a kanta, bayan nan aka ɗauke shi. Tsohuwar babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ginin da muke shiga yanzu kuwa a 1987 aka buɗe shi. Hoton shugaban ƙasa da yake rataye a bangon ofis ma agogo ne: Diori Hamani har zuwa Afrilu 1974, Seyni Kountché daga nan har Nuwamba 1987. Sai dai a kula, wannan awo ba ya aiki a fim ɗin da aka tsara labarinsa a zamanin da, inda aka kawar da alamun zamani da gangan. Bayan wannan sai jaridu: a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa ka nemi Le Temps du Niger don shekarun kafin 1974, da Le Sahel da Sahel Dimanche don na baya, ka bi shafin da ake sanar da abin da gidajen silima irin su Vox da Zabarkan da Jangorzo za su nuna. Aiki ne mai cin ido da ƙura, amma sanarwa guda mai layi uku takan raba gardamar da littattafai uku suka kasa rabawa.

Inda ake samun finafinan

A Yamai, wuraren da ya dace ka fara sallama su ne Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda, da cibiyar da ke kusa da gidan tarihi na Boubou Hama, wadda aka daɗe ana kira da sunan Jean Rouch kafin a mayar da ita sunan Moustapha Alassane a 2024, da cibiyar binciken rayuwar al'umma, wato IRSH, ta Jami'ar Abdou Moumouni, da hukumar silima ta ƙasa, da ma'ajiyar gidan talabijin na Télé Sahel. Ka je da takardar neman izini wadda ta bayyana ko kai wane ne da abin da kake nema, kuma ka ambaci sunan fim da shekara, domin wanda ya shiga ya ce yana son tsofaffin finafinai kawai, amsa ta kawai zai samu. A waje kuwa akwai ma'ajiyar finafinan Afirka da aka kafa a Wagadugu a 1989 ƙarƙashin FESPACO, wadda ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ta yi wa ɓarna. Yana da kyau ka san dalilin da ya sa asalin zaren finafinanmu da yawa yake Faransa: a kan zare mai faɗin milimita 16 aka ɗauki akasarinsu, kuma a Paris ake wanke zaren a haɗa shi, sai asalin ya zauna can, kwafi ya dawo gida.

Duk kwafin da ya zo hannunka, kada ka ɗauka shi ne fim ɗin cikakke. Petit à petit yana da tsari biyu, ɗaya na kimanin awa ɗaya da rabi, ɗaya kuma na kusan awa huɗu, kuma wanda ya ga gajeren kaɗai ya ga ƙasa da rabin wasan Damouré. Waɗanda ake ɗorawa a YouTube sau da yawa an yanke musu jerin sunayen farko ko na ƙarshe, wanda shi ne abin da ka fi buƙata. Akwai kuma wani ɗan bambanci da bai kamata ya ruɗe ka ba: majigi yana tafiyar da hoto 24 a daƙiƙa, talabijin ɗinmu kuwa 25, saboda haka fim mai minti 100 a silima yakan koma minti 96 a kaset ko faifai ba tare da an cire komai ba. In giɓin ya wuce wannan lissafi sosai, to almakashi ya shiga.

Idan Allah ya sa wani gida ya fito maka da gwangwanin fim daga ƙarƙashin gado, kada zumuɗi ya sa ka nemi tsohon majigi ka ɗora shi. Zaren da ya sha zafin Yamai na shekara arba'in ya bushe ya ƙanƙance, haƙoran majigi kuwa yayyaga shi za su yi. Ka buɗe murfin a hankali. In ka ji wari mai tsami yana tashi, zaren ya fara lalacewa, sai a raba shi da sauran gwangwanaye domin cutar tana yaɗuwa. Ka ɗauki hoton duk rubutun da ke jikin gwangwanin, ka ajiye shi a wuri mafi sanyi da bushewa a gidan, sannan ka sanar da masu ma'ajiya.

Yadda ake kallo

Ka jera finafinan bisa shekarar ɗauka, ka kalle su a jere, fim ɗaya a zama ɗaya, kowanne sau biyu. Kallo na farko na labari ne, ka bar alƙalami a ajiye. A na biyun ka manta da labarin, ka kafa wa mutuminka ido shi kaɗai, har a lokacin da wani ne yake magana. Ka rubuta mintin da ya shigo da mintin da ya fita. Ka lura da tafiyarsa, da abin da yake yi da hannuwansa in ba a ba shi abin riƙewa ba, da yadda yake sauraro, domin a wurin sauraro ne ake bambanta gwani da mai jiran layinsa ya zo. Ni nakan kashe sauti na tsawon minti goma a tsakiyar fim, kuma abin da yake saura a fuska bayan an ɗauke magana, shi ne nake ɗauka a matsayin hannun jarin ɗan wasa.

Abin da kake nema a cikin wannan jeri shi ne abin da ya sauya da abin da ya ƙi sauyawa. Damouré ya fara aiki da Rouch tun farkon shekarun 1940, lokacin da Bafaranshen yake injiniyan gina hanyoyi a Nijar, kuma suna tare a fim tun daga farautar dorina ta Sarkawan yankin Ayorou a farkon shekarun 1950, har zuwa Le Rêve plus fort que la mort na 2002. A tsakani akwai Cocorico Monsieur Poulet na 1974, inda abokai uku suke yawon sayen kaji da wata ƙaramar mota da ta gaji da duniya, har suka ƙetare kogi da ita, da Madame l'eau na farkon shekarun 1990, inda suka je Holand neman dabarar injin iska da zai ɗebo ruwan kogi ya shayar da gonakinsu. Wanda ya kalli waɗannan a jere zai ga gashi yana fari, tafiya tana nauyi, amma bakin nan mai saurin mayar da magana yana nan yadda yake. Kuma tun da ba a rubuta wa waɗannan finafinai zance ba, a gaban kamara ake ƙago shi, ya wajaba ka rubuta a littafinka cewa kalmomin na Damouré ne da abokansa. Wannan haƙƙi ne da jerin sunaye ba kullum yake biyan sa ba.

Ta ɓangaren Zalika kuwa, darasin daban ne, kuma ya fi nauyi. Tana da shekara goma sha tara ta fito a Le Retour d'un aventurier na Alassane a 1966, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya rarraba wa abokansa, ita kaɗai ce mace a cikin gungun. A Le Wazzou polygame ta fito a matsayin kishiyar da kishi ya kai ta ga kisa a daren bikin amarya. Jama'ar wancan zamani da yawa ba su raba ƴar wasa da matar da take kwaikwayo ba, kuma ita da bakinta ta ba da labarin abin da hakan ya jawo mata a cikin Al'lèèssi, fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kanta a 2004. Saboda haka in wani dattijo ya ce maka wance ai halinta kaza ne, ka tambaye shi cikin ladabi ko ya zauna da ita ne, ko kuwa a Vox ya gan ta. Rabin abin da ake kira halin ɗan wasa, rubutun mai shirya fim ne. Don ganin ƴan wasa a wajen wasa, ka nemi irin ɗan gajeren fim ɗin da Serge Moati ya ɗauka a wurin aikin fim ɗin kaboyin nan a 1966, mai suna Les cow-boys sont noirs.

Kada ka dogara da fassarar Faransanci da take gudana a ƙasan hoto. An taƙaita ta ne don idon Bature ya iya bi, kuma gaisuwa da habaici da baƙar magana su ne farkon abin da ake zubarwa. Akasarin finafinan Ganda da Zabarmanci aka yi su. In ba ka ji sosai, ka zauna da wanda ya sha harshen a nono, ya fi kyau ma dattijuwa, ka riƙa tsayar da hoto kana tambaya.

Shekarun da shafi yake fari

Za ka iso wurin da jerin ya tsinke. Finafinai suna bin juna daga 1966 zuwa farkon shekarun 1980, sai ka ga shekara biyar ko bakwai ba komai. Kada ka rubuta cewa ɗan wasan ya ja da baya ko tauraronsa ya dushe, domin yawanci ba shi ya bar fim ba, fim ne ya bar ƙasar. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 yana da shekara arba'in da biyar, kuma da shi aka binne ayyukan da ƴan wasansa suke jira. Farashin yuraniyom ya faɗi a daidai wannan lokaci, aljihun gwamnati ya tsuke, aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, kaset ɗin bidiyo ya shigo gidaje da finafinan Indiya da na Kano, gidajen silima suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Aikinka shi ne ka gano inda mutumin ya shiga a waɗannan shekaru. Wani ya ƙetare iyaka, kamar yadda Zalika ta fito a Pétanqui na ƙasar Kodibuwa a 1983. Wani ya koma bayan kamara, kamar Djingarey Maïga, wanda ya fara da wasa a finafinan Alassane, sannan daga L'Étoile noire na 1976 ya shiga shirya nasa jerin finafinai masu kalmar noir, wato launin baƙi, a sunayensu. Wasu sun koma wasan kwaikwayo na rediyo da talabijin, fagen da ƙungiyar Yazi Dogo ta yi suna da Hausa, kuma wannan aiki ya cancanci shafi kamar kowane fim. Kusan dukkansu kuma suna da sana'ar da take ciyar da gida, domin fim bai taɓa riƙe kowa a nan ba: Damouré mai magani ne da yake duba marasa lafiya a Lamorde, a ƙetaren kogi, kuma an san muryarsa a rediyo kan sha'anin lafiya. Tarihin da ya tsallake wannan ya tsallake mafi yawan kwanakin mutumin.

Zama da dattawa

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to amma masu waƙar suna ƙarewa, saboda haka kada ka jira sai ka gama kallo kafin ka fara ziyara. Ka nemi wanda zai yi maka iso, kada ka faɗo gida kamar mai karɓar haraji. Ka je bayan la'asar, da ɗan goro ko sukari da shayi, kuma zuwan farko na gaisuwa ne kawai, na'urar ɗaukar murya ta zauna a aljihu. In ka ce, "Baba, na zo ne in ji yadda kuka yi aikin nan, don kada ya ɓace," ko "Inna, yaran yanzu ba su san wahalar da kuka sha ba," ka buɗe ƙofar da tambayar shekarar haihuwa za ta rufe. Sai a zuwa na biyu ka nemi izinin ɗauka, ka bayyana inda muryar za ta je, ka kuma ɗauki amincewar a farkon faifan.

Kada ka tambayi dattijo shekara da lamba. Ka tambaye shi ko zamanin Diori ne ko na Kountché, ko kafin babban fari na 1973 da 1974 ne ko bayansa, ko an riga an fara kokowar ƙasa, wadda aka yi karonta na farko a Tawa a 1975. Ga mace, ka tambayi wane yaro take goyo a lokacin, domin wannan lissafi ba ya kuskure. Mafi amfani duka shi ne ka kunna musu fim ɗin a waya ko kwamfuta ka yi shiru. Sunayen waɗanda suke tsaye a bayan jarumi, da gidan da aka ara, da mai dokin da aka hau, duk za su fito ba tare da ka tambaya ba. Batun kuɗin da aka biya su ka bar shi sai sabo ya yi ƙarfi, kuma ka tambaye shi, domin yana cikin tarihin sana'ar, sai dai in an nemi ka kashe na'ura ka kashe.

Kada ka tsaya a kan iyali da abokan wasa. Mai kunna majigi, da mai sayar da tikiti, da direban da ya kai kaya daji, da telan da ya ɗinka tufafi, kowannensu ya ga abin da mai shirya fim bai gani ba. A Tawa, inda Alassane ya zauna a ƙarshen rayuwarsa yana ci gaba da finafinan zane da na ƴan tsana kafin rasuwarsa a Wagadugu a watan Maris na 2015, akwai waɗanda suka yi aiki a hannunsa, kuma ta bakinsu ake jin yadda yake zaɓen ƴan wasa. Duk labarin da ka ji daga mutum ɗaya, ya zauna da fensir har sai wani wanda bai ji na farkon ba ya maimaita shi. Ka yi hattara musamman da labarin da ya yi daɗi ainun, domin wanda aka faɗa sau ɗari ya riga ya goge kamar tsohon turmi, ya rasa kusurwoyinsa.

Rubutawa da mayarwa

In ka zo rubutu, ka raba aikin gida biyu: jerin finafinai bisa shekarar ɗauka, kowanne da shekarunsa uku da inda ka ga kwafinsa, sannan labarin rayuwar aikin, wanda zai bi wannan jeri. Ka nuna wa mai karatu inda aikin ya tsaya da abin da ya tsayar da shi. Ga Damouré, alal misali, hatsarin motar da ya kashe Rouch kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, lokacin da Damouré da Alassane suna cikin motar, shi ne ya rufe abotar aiki ta sama da shekara sittin. Abin da ya shafi aure da rashin lafiya da rigimar gida, in bai taɓa aikin ba, ka bar shi a littafinka.

Kafin ka wallafa komai, ka koma ka karanta wa masu abin. Lokacin da Rouch ya mayar da fim ɗin farautar dorina Ayorou ya haska wa masuntan, sun ƙi yarda da kiɗan da ya ɗora a kai, suka ce dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa kuma kiɗa ƙarfin zuciya yake ƙara mata. Ya cire kiɗan, kuma a wannan zama ne aka kawo shawarar tafiyar da ta zama Jaguar. Kai ma za a gyara maka sunan ƙauye, ko a ce wanda ka kira ƙane ɗan baffa ne, wataƙila kuma a shiga ɗaki a fito maka da ambulan ɗin hotuna da ba a nuna maka a zuwa biyar na farko ba. Hotunan nan ka ɗauke su a wurin, a inuwa mai haske, gaba da baya, ka mayar wa mai su a hannu kafin ka tashi. In za a rubuta sunayen waɗanda ke ciki a bayan hoto, da fensir za a rubuta, domin tawada tana cin takarda ta ɓullo ta gaba. Daga nan ka yi kwafi uku na komai, rubutu da murya da hoto: ɗaya ga iyalin, ɗaya ga ɗakin karatu ko ma'ajiya a Yamai, ɗaya kuma a wurin wani amintacce a wani gari, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa saboda gara da ruwan Agusta.